Jinyar Hajiya ta faɗo kaina ni kaɗai, in ajiye aiki ne?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Hajiyarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki kafin babbar salla, ɓangaren dama, hannu da ƙafa, maganarta ma ta sarƙe. An sallame mu daga asibiti, yanzu tana gidana saboda ni kaɗai ce mace a ɗakinmu, sauran duk maza ne. Ina koyarwa a makarantar kuɗi, bakwai da rabi ake ɗauke littafin sa hannu. Kafin in fita sai na yi mata wanka, na sauya shimfiɗa, na ba ta koko da cokali, sannan in shirya yara. Da rana wata yarinyar maƙwabta ke zama da ita. Da dare barci sai dai in ɗan sata, saboda juya ta da sa mata fo. Yayyena suna turo kuɗi, ba zan yi musu ƙarya ba, amma zuwa sai ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, su gaishe ta su tafi. A makaranta an fara yi mini maganar makara. Maigidana bai ce komai ba, amma ina ganin fuskarsa. Kwanan nan kuma ƙeyata ke sara mini. In ajiye aikin ne in zauna da ita, ko yaya zan yi?

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Ni dai in za ki ji tawa, ajiye aikin nan. Aiki ana sake samu, uwa kuwa ɗaya ce. Nawa ne ma albashin makarantar kuɗi? Yayyenki su haɗa su riƙa ba ki abin da ake biyan ki duk wata, ki zauna ki kwashi ladanki.

Uwar Marayu: Alhaji, har yaushe za su riƙa biya? Wata na farko za su turo cif. Na biyu a ce kasuwa ba ta tafiya. Na uku sai ta kira ta kira. Ni na gani da idona a gidanmu. Kuma ko sun biya, wanda ya hana ta barci ba rashin kuɗi ba ne. Mutum ɗaya ba zai yi jinyar dare da rana ba, ko da ba ya aikin komai.

Anti Nas: Sannu ƙanwata, Allah ya ba da lada. Kafin a je maganar aiki, amsa mini waɗannan. Tana ƙwarewa ko tari in tana shan ruwa? Kin duba bayanta da kwankwasonta da dunduniyarta, akwai inda ya yi ja ko ya yi duhu ko ya saɓule? An rubuta mata maganin hawan jini, kuma tana sha kullum? An tura ku wurin masu gashi, wato masu motsa gaɓoɓi a asibiti? Na ƙarshe, ke kanki yaushe rabonki da a auna jininki?

Maman Biyu: Anti, tana ƙwarewa da ruwa wani lokaci, amma kunu yana wucewa lafiya. Akwai wani wuri a ƙasan bayanta da ya ɗan yi duhu, ina shafa mata man kaɗanya. Magani tana sha. Da ma tana da hawan jini tun da daɗewa, sai ta daina shan ƙwayar da ta ji sauƙi, ta ce ba za ta mai da cikinta kemis ba. Gashi an ce mu riƙa zuwa, amma ɗaukar ta zuwa titi mu nemi adaidaita aiki ne, ba mu cika zuwa ba. Ni kuwa tun awon cikin autana.

Anti Nas: To bari in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, duk mai jinya a zauren nan ya karanta.

Ƙwarewar nan ita ta fi ba ni tsoro. Ciwon yakan taɓa naman da ke sarrafa haɗiya, sai ruwa ko abinci ya bi hanyar iska ya sauka huhu, daga nan sai zazzaɓi da ciwon huhu, kuma yana cikin abubuwan da suka fi kashe masu wannan lalura bayan an koma gida. Kada a taɓa ba ta komai tana kwance. A zaunar da ita sosai, a tokare bayanta da matasai, kanta ya ɗan sunkuyo gaba, ƙaramin cokali, a jira ta haɗiye kafin a ƙara. In an gama a bar ta a zaune kamar rabin awa, a duba kumatun ɓangaren da ya shanye, abinci kan maƙale a nan ba ta sani ba. Abu mai ɗan kauri irin kunu da fate ya fi tsinkakken ruwa sauƙin haɗiya, shi ya sa kika ga kunun na wucewa. Ki gaya wa likita maganar ƙwarewar a zuwanku na gaba, kar ki jira ya tambaya. Yarinyar da ke zama da ita da rana ta san duk wannan? In ba ta sani ba, zaunar da ita ki nuna mata da hannu.

Wurin da ya yi duhu kuma farkon gyambon kwanciya ne. Nauyin jiki ne ke danne fata a kan ƙashi har jini ya daina kaiwa wurin. Mai ba ya maganinsa, kuma kar ki murza wurin. Maganinsa a ɗauke nauyi daga kansa: juyi duk bayan awa biyu, dama, baya, hagu, amma yanzu da wurin ya nuna alama a rage kwantar da ita rigingine. Matashi tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin sangali don dunduniya ta tashi daga katifa. Zanin gado ya zama a bushe, a miƙe, ba tattara, ba burbushin abinci. In fatar ta buɗe, asibiti. Na ga gyambon da ya fara kamar faɗin kwabo ya ci har ƙashi.

Yanzu lissafa da kanki. Juyi duk awa biyu, dare da rana. Wace mace ce za ta yi wannan ita kaɗai ta kuma wayi gari da hankalinta?

Hajiya Mai Atamfa: Ni fa ina da magana, ko da za a ce na cika camfi. A ina abin ya same ta? Don gwaggona a banɗaki ta faɗi da asuba, kuma kowa ya san abin da ke zaune a banɗaki. Asibiti suka yi ta ba mu ƙwayoyi, sai da aka kai ta wurin mai ruƙiyya ana shafa mata man habbatussauda sannan ƙafar ta fara motsi. Ba komai ne na asibiti ba.

Maman Biyu: Ita ma da asuba ne, ta fito alwala, buta ta suɓuce daga hannunta, bakinta ya karkace. Dangi da yawa sun ce shafar iska ce.

Anti Nas: Hajiya, ba zan hana kowa addu'a ba, ni ma ina yi wa marasa lafiyata. Amma ga abin da hoton ƙwaƙwalwa ke nunawa. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da ƙwaƙwalwa kamar tiyon ruwa suke. In ƙarfin ruwan ya yi yawa shekara da shekaru, ko dai tiyon ya fashe, ko cikinsa ya lalace ya toshe. Inda jini bai kai ba sai ya mutu, gaɓar da wurin ke juyawa ta tsaya. Ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ke riƙe da ɓarin dama na jiki, kuma a wurin yawancin mutane nan cibiyar magana take. Shi ya sa Hajiyar Maman Biyu ta rasa dama da magana tare.

Maganar asuba da banɗaki: jinin mutum yakan hau da sassafe lokacin tashi daga barci, kuma an daɗe da lura cewa ciwon ya fi aukuwa da safe. Ina mutum ke fara nufa in ya tashi? Ga yunƙuri in akwai taurin bayan gida. Sau da yawa ciwon ne ya kayar da mutum, ba faɗuwar ce ta kawo ciwon ba. Motsin da ƙafar gwaggonki ta fara kuwa, a watanni uku zuwa shida na farko ne jiki ya fi saurin farfaɗowa, duk abin da ake shafawa a lokacin shi ke samun yabo.

Akwai babban bincike da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, ana kiransa SIREN, Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan na cikin jagororinsa, kuma har da Kano da Zariya a wuraren da aka tattara marasa lafiya. Sakamakon da suka fitar a 2018 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon a nan fashewar jijiya ce, sauran toshewa, kuma hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba a cikin abubuwan da ke jawo shi.

Malamin Islamiyya: Bari in sa baki a nan, don kar a ɗauka addini da asibiti kishiyoyi ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da neman magani, hadisin yana cikin Abu Dawuda da Tirmizi. Ruƙiyya da ayoyin Alƙur'ani halal ce, a yi mata a gadonta safe da yamma, ba ta hana shan ƙwaya. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne wanda zai ce a ajiye maganin likita, ko a yi ta dukan mara lafiya da sunan fitar da aljani, ko a turara mata hayaƙi a rufaffen ɗaki alhali numfashinta ma da ƙyar.

Sai maganar Alhaji na Kwari. Ayar Suratul Isra'i, aya ta 23, da ta yi umarni da kyautata wa iyaye idan tsufa ya riske su, ta hana ko da cewa "uf", ba ta ware 'ya'ya mata ba. Kuma mutumin da ya zo neman izinin fita jihadi aka tambaye shi ko iyayensa na raye, aka mai da shi gare su, namiji ne. Mu ne muka mai da jinya aikin mata, muka bar wa maza turo kuɗi ta waya.

Ɗan Kwari: Malam, da girmanka, ni zan yi wa mahaifiyata wanka? Ko ita ba za ta yarda ba. Akwai kunya fa.

Malamin Islamiyya: Ba wanda ya ce ka yi mata wanka alhali ga mace. Tsarki da wanka a bar wa mata, wannan daidai ne. Amma ɗaga ta daga gado zuwa kujera? Kwana a ɗakin don juya ta? Ɗaukar ta zuwa gashi? Ba ta abinci, yanke mata farce, zama ana yi mata hira? Wanne ne a ciki ya shafi al'aura? Kai da ke ɗaga dilar atamfa, ka fi 'yar'uwarka ƙarfin ɗaga Hajiya.

Uwar Marayu: Allah ya saka da alheri Malam. A ƙara da cewa kar a ce za a turo matan yayyen su yi a madadinsu, sai a buɗe wata fitinar.

Malamin Islamiyya: Malamai da yawa suna ganin hidimar suruka kyautatawa ce daga matar ɗa, ba wajibi ba. In ta yi don Allah ta samu lada, a gode mata. Wajibin yana kan wanda aka haifa.

Baba Mai Ritaya: 'Ya'yana, da hannun hagu nake rubutun nan, ku yi haƙuri da jinkiri. Ni abin ya taɓa samu. Ina so in gaya wa Maman Biyu abin da mai kwanciya ke ji, tunda Hajiya ba ta iya faɗa.

Mafi ciwo a wurina ba hannun ba ne. Mutane su shigo dubiya su tsaya a kaina suna tambayar matata, "Ya ci abinci? Yana gane mutane kuwa?" Ina ji, ina ganewa, amsar tana cikin kaina, bakin ne ya ƙi. Wani har ya fara ba da labarin wanda ya sani da irin ciwon ya kashe. Don Allah ku riƙa yi mata magana ita kanta, a hankali, tambaya ɗaya wadda za ta amsa da kai ko da ido. Ku ba ta lokaci, kar ku ƙarasa mata magana. In ta yi kuka ba dalili, ko ta yi fushi ta ture kwano, ba rashin godiya ba ne.

Na biyu, kar ku yi mata komai da komai. Matata saboda tausayi har hula ita ke sa mini. Mai gashin da ke duba ni ya hana. Ya ce a ajiye kofi inda sai na miƙa, a bar ni in yi fama da maɓallin riga ko zai ɗauke ni minti goma. Na ji haushinsa a lokacin. Yau da sandata nake zuwa masallaci.

Wanda ya fi daɗaɗa mini rai a jinyar nan ɗana ne na biyu. Ba shi da kuɗi kamar wansa. Bayan isha'i yake zuwa ya shimfiɗa tabarma a gefen gado, ya kunna mini rediyo mu ji labarai, ya juya ni, da asuba ya kawo mini dutsen taimama ya fuskantar da ni alƙibla sannan ya wuce wurin aikinsa.

'Yar Maradi: Allah shi ƙara lahiya Baba, wallahi kun sa ni hawaye. Nan wajenmu ma haka abin yake, tansiyo, wato hawan jini, ta gama da tsohinmu da yawa. Mu da babanmu ya kwanta, takarda muka samu muka rubuta kwanakkin mako, kowa da darensa, aka manna bayan ƙofa. Wanda ke Yamai ba ya iya zuwa, sai aka ce shi ya ɗauki kuɗin magani da na mai taya mu aiki da rana. Wanda ya tashi tahiya shi zai nemo wanda za su yi musanya, ba mai jinya za ta nemo ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma 'yar'uwa, kar ki kira taron ke ɗaya, za su ce ƙorahi kike. Ki samu kawunku ko wani babba da suke jin nauyi shi tara ku.

Anti Nas: Baba ya faɗi abin da littafi ba zai faɗa ba. Ƙari kaɗan: kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka samu wannan ciwo suna shiga baƙin ciki mai tsanani na rashin lafiya, kuma yana da magani, a gaya wa likita in ta daina cin abinci ko ta daina kula kowa.

Gashi kuwa shi ne rabin maganin, kuma yanzu ne lokacinsa. In zuwa kullum ba zai yiwu ba, ku je ku roƙi mai gashin ya koya wa mutum biyu a gidan motsin da za a riƙa yi mata, ku riƙa komawa yana dubawa. Abu biyu na roƙe ku. Kada a ja ta ta hannun da ya shanye wurin ɗagawa, kafaɗar ba ta da naman da zai riƙe ta, tana iya gocewa ta bar ta da ciwo na dindindin. A tallafe ta ta ƙirji da kwankwaso, hannun a ɗora shi kan matashi. Sannan masu gasa wa mara lafiya jiki da tawul da tafasasshen ruwa su sani ɓangaren nan ba lallai ya ji zafi ba, sai an ɗaga a ga fata ta tashi.

Shugaban Zaure: Na goge wani saƙo da aka turo na tallar maganin da wai yake tayar da mai shanyewar jiki cikin mako guda, har da lambar waya. Ba a talla a nan. A ci gaba.

Direban Tanka: Anti Nas, ni tambayata a kaina ce. An taɓa auna ni a wani kemis aka ce jinina ya hau, aka ba ni amlodipine. Ina sha in na ji kaina ya yi nauyi, in ya sauka in ajiye. Ai ba laifi ko? Don an ce in ka saba da shi ka zama bawansa.

Anti Nas: Malam Direba, abin da Hajiyar Maman Biyu ta yi ke nan, ka ga inda ya kai ta. Hawan jini yawanci ba ya ciwon kai, ba ya jiri, ba ya komai. Mutum na iya yawo awon jininsa ya kai 180 yana raha. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce babba ɗaya cikin uku a duniya na da shi, kuma kusan rabinsu ba su ma sani ba. Ƙwayar ba warkar da shi take ba, riƙe shi take, ran da ka daina sai ya koma inda yake. Ba sabo ba ne, ciwon ne bai tafi ba. In maganin na damunka a sauya maka: amlodipine kan kumbura wa wasu ƙafa, lisinopril kan sa busasshen tari, masu sa fitsari kuma ka san wahalarsu a kan hanya. Duk akwai madadi. Amma ka je asibiti a duba ka sosai, har da suga da ƙoda, kar ka tsaya a kemis.

Kuma na san ku direbobi da maganin ciwon jiki. Diclofenac da ibuprofen, da haɗe-haɗen da ake ƙullawa a leda a tasha, suna ɗaga jini suna kuma cin ƙoda in an mai da su abincin kullum. Haka lemukan gwangwani masu hana barci.

Direban Tanka: To Anti kin kashe ni, me ya rage? Kar dai ki ce har goro da kilishi.

Anti Nas: Goro a rage, kilishi da yajin tsire gishiri ne zalla. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar shi ne ƙasa da giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye cikin burodi, taliyar yara, kifin gwangwani da ɗunƙulen miya. Ɗunƙulen nan kusan rabinsa gishiri ne, mu kuwa sai mu jefa huɗu a tukunya mu kuma bi da gishiri. Kanwa ma sinadarin da ke ɗaga jini a cikin gishiri yana cikinta. A koma wa daddawa, citta, tafarnuwa, albasa, masoro, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, harshe na sabawa. Maman Biyu, kar ki dafa wa Hajiya tukunya daban mai lami ku kuna cin mai daɗi a gabanta. Rage na gidan gaba ɗaya, da ma ku ɗin jininta ne.

Hajiya Mai Atamfa: To zoɓo fa? Wannan kam ko likitoci sun yarda yana saukar da jini.

Anti Nas: An yi bincike a kansa, yana ɗan saukarwa, gaskiya ne. Amma kaɗan ne, kuma ba wanda zai gaya miki adadin da ke cikin kofin da kika dafa yau da na gobe. Ga shi namu zoɓon rabinsa sukari. A sha mara sukari don marmari, a gaya wa likita in ana sha kullum, kar a ajiye ƙwaya saboda shi.

Ɗan Kwari: Na ji duk bayanan nan, kuma na yarda maza su yi kwana. Amma har yanzu ina kan bakata a abu ɗaya: 'yar aiki ko yarinyar maƙwabta ba za ta kula da Hajiya kamar 'yarta ba. Da rana wa ke ganin abin da ake mata? Ita ba baki ba.

Uwar Marayu: Wannan kam gaskiyarka ce Alhaji. Amma maganinsa a samu babbar mace mai hankali a biya ta da kyau, ba yarinya ba, kuma 'yan gida su riƙa faɗowa ba sanarwa. Wanda shagonsa ke kusa ya leƙo da azahar. Jiki ma yana ba da labari: in an bar ta cikin fitsari ko ba a juya ta ba, da yamma za a gani. Abin da nake ji wa Maman Biyu, jinyar nan tana iya kai shekaru. In ta bar aiki yau, ran da ta buƙaci sabulu sai ta roƙa. Ta fara zuwa wurin shugaban makarantar ta faɗa masa gaskiyar halin da take ciki, ta nemi a mai da darussanta su fara daga tsakiyar safiya, ko a ba ta hutu na ɗan lokaci. In an ƙi, sannan a yi wani tunanin.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na biya wani asibitin unguwa da na taso, an auna ni, 152 bisa 96. Na yi waya da kawunmu, ya ce zai tara su ranar Asabar. Babban yayanmu da na ɗan taɓa masa maganar kwana ya ce shi bayansa na ciwo, amma zai ɗauki kuɗin mai zama da rana. Mai bi masa bai ɗaga waya ba tukuna. Aiki dai ban ajiye ba, zan ga shugaban namu gobe in Allah ya kai mu.

Anti Nas: Awo ɗaya ba ya yanke hukunci, musamman ga wadda ba ta barci kuma ta shigo daga rana. Ƙa'ida ita ce a samu 140 bisa 90 ko sama da haka a ranaku biyu daban-daban. Ki koma cikin makon nan, kar ki bari ya wuce. Ki zauna minti biyar kafin a auna, baya a jingine, ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana, ba riƙe fitsari, ba goro ko kofi rabin awa kafin nan. In ya sake nuna haka ki ga likita. Ranar Asabar ɗin nan kuma, in za ku iya aron na'ura, a auna yayyen naki duka kafin a fara magana. Ciwon yana bin gida.

Kuma duk gidan su haddace alamomin nan, don wanda ya taɓa samu yana iya sake samu: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ya saki farat ɗaya, magana ta sarƙe, gani ya ɗauke, ko ciwon kai mai tsanani da ba a taɓa ji ba. A duba agogo a riƙe lokacin da ya fara, a nufi babban asibiti mai hoton ƙwaƙwalwa na CT kai tsaye. Kar a ɗura ruwa ko rubutu a baki, kar a ba da asfirin, don in fashewa ce zai ƙara zubar jinin, kuma ba mai bambance fashewa da toshewa sai hoto. Allurar narkar da gudan jini, inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta. Ko da alamar ta zo ta wuce cikin 'yan mintuna, a je a ranar.

Malamin Islamiyya: Abu ɗaya da na ga ba a taɓo ba: sallarta. Hadisin Imrana ɗan Husaini a Buhari ya ce a yi a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kan gefe. Matuƙar tana cikin hankalinta a riƙa tuna mata lokaci, a taya ta alwala ko taimama. Tsofaffinmu rashin sallar kan fi damun su fiye da ciwon.

Direban Tanka: Anti, in zan sayi na'urar in riƙa tafiya da ita a mota, wacce zan nema? Na ga wata ƙarama ta ɗaurawa a tsintsiyar hannu, ta fi araha. Ni kuma damtsena ba na wasa ba ne.

Anti Nas: Nemi ta damtse, ta fi ta tsintsiya ba da awo na gaskiya. Ka gwada maɗaurin a shagon kafin ka biya, in ya yi maka kaɗan zai riƙa nuna jininka ya fi yadda yake, ka ce a ba ka babba. Ka je da ita asibiti a gwada ta da tasu. Kada ka auna da saukowarka daga mota, huta tukuna, ka auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, ka rubuta a ɗan littafi da kwanan wata ka nuna wa likita. Ƙwayar kuma ka ajiye ta a jakar kayanka, ba a gaban mota inda rana ke dukanta ba.